Gonar Nomau, Rijiyar Umaru

Zuwa ga yayana Malam Nomau, wanda aka ce yana tsaron ƙofar masallaci a Birnin Ƙudus. Daga ƙanenka Arzika, mai rumfar yadi a kasuwar Dogon Dutsi. Bayan sallama irin ta addini, ina gaishe ka gaisuwar ƙane ga wansa, ina gaida maiɗakinka da ba mu taɓa gani ba, da ɗiyanku. Mu nan muna lafiya. Hatsin bana ya shiga rumbu, ba a yi kuka ba, sanyi ma ya fara ja da baya.

Wannan takarda ban liƙe bakinta ba, don ban san inda zan tura ta ba. Na je gidan waya, mutumin ya ce tun bayan yaƙi shi kansa bai san ta ƙasar wa ake bi a isa garinku ba. Saboda haka zan sa wani malami ya juye min ita da ajami, tunda kai ba ka zauna lakkwal ka koyi boko ba, in rarraba wa masu niyyar Makka bana, ko Allah zai sa guda ta faɗa hannun wanda ya san ka. Kafin nan zan karanta ta a rumfa. Dama mutanen kasuwa sun riga sun san rabin maganar, gara su ji sauran daga bakina da su ƙara mata nasu gishirin.

Ka tafi a shekarar da sojojinmu suka dawo daga yaƙin Turawa. Na raka ka har bayan garinmu Kore Mairuwa, kana riƙe da gora da buzu da sanda, ka ce min damina biyu ko uku ka dawo. Ni a lokacin ina ganin Makka ba ta fi Sakkwato nisa sosai ba. Ga shi yau furfura ta cika min gemu.

Gonarka ta gado, wadda ke yamma da gari, ita ce dalilin rubutun nan. Amma ka san halina, sai na zagaya da kai kasuwa kafin mu iso wurin kayan.

Da shekaru suka fara tafiya ba ka dawo ba, Inna, Allah ya jiƙanta, ta ga sabara da kalgo za su cinye gonar, ni kuma hannuna da hauya ba su taɓa shiri ba. Sai ta ba Bello aro. Ka tuna Bello, Bafillacen da ke sauka da shanunsa a gonar da rani don taki, wanda ba ya ganinka bai ce "Ba'are bawana, zo ka ɗaukar min gora" ba? Ciwo ya shiga garkensa ya bar shi da 'yan ƙwarori. Aka yi aron gaban liman da dattawa yadda aka saba: kowace kaka ya kawo dami guda gidanmu, shaidar cewa ƙasar ba tasa ba ce, kada ya dasa itace, kada ya gina rijiya. Ka fi ni sanin dalili. Hatsi ana yanke shi ya tafi, amma wanda ya dasa mangwaro ko ya fasa ruwa a wuri ya kafa ƙafa ke nan, jikansa zai nuna da yatsa ya ce kakana ya yi wannan.

Bello bai taɓa saɓawa ba. Kowace shekara ya zo da daminsa a kan jaki, ya sauke, ya zage ni da kakannina irin na taubasai, ya ci tuwo ya tafi. Ɗiyansa duka a bukkokin gefen gonar aka haife su.

Labarinka na gaskiya sau ɗaya muka samu. Alhaji Ɗan Baro na Dumega, da ya gama hajji, ya zarce ziyara Ƙudus kafin wannan yaƙin. Ya ce yana shiga ƙofar masallaci ya ga baƙin mutum zaune da tsagarmu ta Arawa daga baki har kunne. Ya yi masa sallama da Hausa, mutumin ya riƙe hannunsa, ashe kai ne. Ya ce kuna unguwa guda da waɗansu baƙaƙe 'yan'uwanmu daga Barno da Wadai, ka auri Balarabiya, kana da namiji mai suna Yusufu da mata biyu. Ya ce Yusufu bai iya ko "ina kwana" ba, fuskarsa kuma sumul, babu tsaga. Inna ta sa Alhaji ya maimaita mata labarin har ya gaji. Ba ta ga kaka ta gaba ba.

Akwai abu guda da Alhaji ya faɗa wanda a lokacin ban ɗauke shi komai ba. Ya ce surukinka, tsoho, ya kai shi wani tudu ya nuna masa ƙauyensu can ƙetaren wayar iyaka, inda aka kore su a yaƙin farko na Larabawa da Yahudawa. Ya nuna masa itatuwan zaitun da kakansa ya dasa, ga su ido na gani, waɗansu mutane na tsinkar 'ya'yan. Ya ce kullum da la'asar tsohon sai ya hau tudun ya duba su, kamar mai kiwo. Na yi dariya, na ce Larabawa da son itace. Yanzu na daina dariyar.

Farkon daminar da ta wuce, ana cikin shuka, yaƙi ya tashi. Ni ne mai radiyo a layinmu, saboda haka rumfata ta koma fada. Tashar Alƙahira ta yi ta kakkaɓo jiragen Yahudawa da baki, har wani mahauci ya raba tsire kyauta. Na daɗe a kasuwa, na san mai tallan da kayansa suka lalace shi ke fin kowa ɗaga murya. Na murɗa zuwa tashar Landan na ji wani zance daban. Mako bai cika ba aka ce Ƙudus ta faɗa hannun Isra'ila. Aka ce an rushe wata unguwa da ke jikin masallacin an watsa mutanenta, ba su faɗi ko taku ce ba. Aka ce jama'a na tsallaka kogi bisa karyayyar gada da yara a kafaɗa. Pil ɗin radiyo, wato batir, da na saro don sayarwa ni na ƙone su ina sauraro, kamar mai radiyon zai ce ga Nomau ɗan Kore Mairuwa nan ya wuce lafiya.

Bari in gaya maka abin da wataƙila zai ɓata maka rai. Na taɓa ciniki da ɗaya daga cikinsu. Bayan mun samu 'yancin kai an kawo waɗansu mutanen Isra'ila suna koya wa samari noman rani. Ɗaya ya kwana biyu a Dogon Dutsi, ya zo rumfata sayen yadin da zai kai wa matarsa. Gajere ne, rana ta dafa shi ja, Faransancinsa bai fi nawa ba. Ya iya ciniki, sai da na yi gumi. Da ya miƙa hannu na ga lamba a rubuce a fatarsa, irin yadda ake yi wa buhun gyaɗa. Na tambaya, ka san bakina. Ya ce Jamusawa suka sa masa, a wurin da suka kashe uwarsa da ƙannensa. Ya faɗa muryarsa ba ta sauya ba, yana shafa yadin. Sai na ce masa cikin wasa, to ƙasar da kuka zauna ai an ce da masu ita. Ya dube ni ya ce, "Kakannina ma can aka binne su, kuma ni ba ni da wani wurin komawa." Ya naɗe yadinsa ya tafi.

Radiyo na kiran irinsa 'yan Sahyoniya, wato masu cewa Yahudawan duniya su taru a ƙasar nan ta zama tasu. Ni ban san littattafansu ba, idon mutum na sani. Ciniki yana ƙulluwa ne saboda ɗaya na iya juya baya ya nufi wata rumfa, ɗayan ya kira shi ya ce dawo mu daidaita. Mutumin nan ba shi da wata rumfa, Yaya. Surukinka ma ba shi da ita. Dillalan da suka shiga tsakani kuma, Amirka da Rasha, bindiga suke sayarwa. Ban taɓa ganin dillalin da ke cin la'ada a kan rigima ya raba ta ba.

To, mu iso gona.

Bana ba Bello ya kawo dami ba. Umaru ya kawo, babban ɗansa, wanda ya yi lakkwal har ya taɓa aiki a Yamai. Ranar kasuwar Kore Mairuwa ce, na baza kayana, ya sauke damin a gabana cikin jama'a, ba a gida ba. Bai yi min wasan taubasai ba. Ya gaishe ni da ladabi mai sanyi irin na masu aikin buro, wato ofis. Ya ce uwarsa ta tsufa, zuwa gari ɗaukar ruwa ya fi ƙarfinta, suna so su gina rijiya a gonar. Na ce ai ya san sharaɗi. Ya ce ya sani, amma sharaɗin an yi shi ne don mutumin da zai dawo. "Baba Arzika," in ji shi, "a gonar nan aka binne cibiyata. Wanda kuke ajiye wa ita, ko hanyar zai gane?" Ya ƙara da cewa yanzu an samu 'yanci, a Yamai ana faɗin ƙasa ta mai nomanta ce. Wannan da Faransanci ya faɗe shi, don ya san ni kaɗai zan ji.

Na ce masa sai na ga ubansa. Ban yi fushi ba, tsoro na ji, don na laluba maganarsa ina neman ƙarya ban samu ba.

Na iske Bello a inuwar gawon nan na iyaka, inda ka taɓa tsayar da ni ina yaro kana nuna min daga ina gonar ta fara zuwa ina ta ƙare, kana ja min kunne don hankalina na kan farautar gafiya. Rabin abin da ka nuna min ya ɓace min. Yau Bello kaɗai ya san iyakar nan da ƙafarsa. Ya rame, yana tari. Ya fara da wasa, ya ce bawansa ya zo gaisuwa hannu rabbana. Sai wasan ya ƙare masa. Ya ce, "Arzika, ni ba zan ci gonar Nomau ba, amanar uwarku ce a wuyana. Amma ba zan rantse maka a kan Umaru ba." Muna cikin haka matarsa ta ɓullo daga hanyar gari da tulu a kai, tana tafiya tana tsayawa.

Ka san ƙanenka da dabara. A cikin kamyo, motar kaya, na ƙulla ta a hanyar komawa, har ina yi wa kaina murmushi. In na hana rijiya na zama azzalumi, gari ya koma bayan Umaru. In na bari ya gina, gona ta tafi. To ni zan gina, da sunanka. Su sha ruwa, ƙasa ta zauna inda take. Na ɗauko magina daga Gesheme, na kira liman da dattawan da suka rage cikin shaidun farko, aka yi addu'a, na faɗa da ƙarfi cewa wannan rijiyar Malam Nomau ce, sadaka ga mai ƙishirwa. Kowa ya ce Arzika ya iya. Na koma Dogon Dutsi wajen kayana, don ba a barin rumfa lokacin da manoma suka sayar da gyaɗa.

A nan dabarar ta juye min. Ana cikin aiki ƙasa ta zubo wa ɗaya daga cikin maginan, ya gurɗe a kafaɗa ya koma gida. Sauran suka rasa mai shiga rami. Umaru na tsaye, ya tuɓe riga ya ɗaura igiya. Ban ce da wata manufa ya yi ba, uwarsa ce ke jiran ruwan. Kwana da kwanaki shi ke ciki. Ranar da ƙasa ta yi danshi shi ya ɗebo ruwan farko a ƙwarya ya turo sama, aka ba uwarsa ta sha, mata suka yi guɗa. Ni ina can ina auna wa wata amarya atamfa.

Da na zo kasuwa ta gaba na ji wata mata na ce wa maƙwabciyarta ta tafi rijiyar Umaru, ta fi kusa da gidanta. Na tsayar da ita na ce rijiyar Nomau ake cewa. Ta dube ni ta ce wane ne Nomau. Yau ko liman, in ya sha'afa, rijiyar Umaru yake cewa, sai ya gan ni ya gyara.

Tun ranar hankalina bai kwanta ba. In na tuna ƙasarku sai in ga gonar, in na tuna gonar sai in ga ƙasarku. Na san ba ɗaya ba ne. Bello da hannu biyu aka ba shi aro, bai zo da bindiga ba, bai fitar da kowa daga ɗakinsa ba, surukinka kuwa korarsa aka yi. Ba na ɗora su a ma'auni guda. Amma abin da ke biyo baya shi ke ba ni tsoro, don shi babu ruwansa da yadda aka faro. Yaran Yahudawan da ake haifa yau a ƙauyen surukinka, a ƙarƙashin zaitun ɗin nan za su yi rarrafe. An ce har sunayen garuruwa ana sauyawa. In sun girma wani ya ce musu ku baƙi ne, za su tambaya da gaskiyarsu, baƙi daga ina. Jikokin tsohon kuma, a tanti ko a bayan waya, za a nuna musu tudun nan tun kafin su iya tafiya. Kowa zai tashi da gaskiyar da ya sha a nono, kuma ba za a samu dattijo ko guda da ya ga farkon abin ba.

Masu zama rumfata suna cewa baɗi Larabawa za su haɗu su tura su teku. Na ga idon mutumin nan mai lamba, ba za shi teku ba. Wani ɗan duwan kuma, wato ɗan kwastan, ya ce an gama, mai ƙarfi ya ci, Falasɗinawa za su watsu cikin ƙasashen Larabawa su manta. Shi ma bai ji labarin tsohon da ke kiwon itace da ido ba. Abin da nake hange, Allah ya sa ƙarya nake, shi ne wanda ya ci yaƙin zai kwana da bindiga a ƙarƙashin kai har jikokinsa, yana ƙara katanga, tsoro na sa shi mugunta, muguntar na ƙara masa tsoro. Wanda aka ci kuma zai haifi ɗiya ya raine su da zance guda. Mu za mu mutu, ɗiyanmu su yi furfura, radiyo na nan na faɗin sunan garin.

Na tuna abin da tsofaffi ke faɗi game da mu kanmu. Kakanninmu Arawa baƙi ne, daga gabas suka zo suka iske masu ƙasa. Aka daidaita, baƙo ya riƙe sarauta, ɗan ƙasa ya riƙe ƙasa da abin da ke cikinta, aka yi auratayya har aka cuɗe. Na so in ce maka can ma haka za ta ƙare. Amma a wancan zamani daji ya yi yawa, wanda aka matsa wa sai ya ɗauki gatari ya yi gaba ya sari sabon wuri. An ce ƙasar taku 'yar mitsitsiya ce, babu dajin da za a ƙara gaba, ban kuma ji ana auratayya ba. Nan ma dajin ya kusa ƙarewa. Daga Kore Mairuwa zuwa Tibiri yau gona ce ke gogar gona.

A cikin wannan duka Yusufu nake wa tsoro. Ya kusa zama saurayi, yana ganin soja a ƙofar da ubansa ke tsaro. Ko wata rana ya ɗauki makami, ko ya sunkuyar da kai har ya saba, ban san wanda ya fi muni ba. Ta wajen uwa rigimarsa ce, ban musa ba. Amma ranar da za a raba abin da ya saura, in ranar za ta zo, ban ga wanda zai tuna da ɗan baƙin mutum mai tsaron ƙofa ba. Ni a nufina gonar nan ita ce abin da zai dafa in ƙasa ta juya masa. To amma in ya sauka daga kamyo bayan mun tafi, babu Hausa, babu tsaga, ya ce ƙasar nan ta ubana ce, ka gaya min me zai zama a idon Umaru? Can an kori dangin uwarsa don waɗansu sun zo daga ƙetaren teku da tsohon labari, nan shi ne zai zo da nasa tsohon labarin, wurin da wani ya haƙo ruwa da hannunsa. Ba na so ɗanka ya zama mai kora, Nomau, ba na so kuma a kore shi sau biyu.

Ga roƙona. Ban ce ka dawo ba, na san ba za ka bar ƙofar da aka ba ka tsaro ba a ranar da ta fi bukatarka. Turo min Yusufu, yanzu, tun Bello na numfashi, tun liman na iya tashi ya ce ni na shaida. In ya zo bana ko baɗi, Bello zai kama hannunsa ya zaga da shi iyaka yana zaginsa irin na taubasai, Umaru kuma zai ji kunyar ubansa. Sai in zaunar da su biyu, a raba gonar ko su noma tare, ya koyi Hausa a bakin ɗiyan Fulani, ba komai. Wannan cinikin zan iya ƙulla shi, don har yanzu akwai masu kunyar juna. In aka bari Bello ya kwanta dama, dabarata ta ƙare. Tarin nan nasa kuwa ba na sonsa.

Dangi sun fara cewa a yi maka sadaka a raba gado. Na ce musu ban ga wanda ya wanke ka ba. Zan karɓi damin baɗi in an kawo. In ba a kawo ba ban san abin da zan yi ba, ka kuma san ba kasafai nake faɗin haka ba.

In kuwa takardar nan ta iske ba ka duniya, wanda ta faɗa hannunsa ya yi wa Allah ya nemi yaron a unguwar baƙaƙe kusa da masallaci, ya juya masa ita da Larabci. Ya gaya masa ya biyo alhazan Nijar har Dogon Dutsi, ya tambayi Arzika mai yadi. In ya tarar ni ma na tafi, ya wuce Kore Mairuwa. Kada ya wahalar da bakinsa tambayar gonar Nomau, 'yan yanzu ba su san ta ba. Ya ce a nuna masa rijiyar Umaru, ya yi sallama, ya roƙi ruwa kafin ya ce komai.

Allah ya tsare ka a inda kake, a bisa ƙasa ko a cikinta. Allah ya tsare maiɗakinka da 'yan matan nan biyu da ban san sunansu ba. Allah ya sanyaya zuciyar mai bindiga da ta wanda aka nuna wa ita, ya ba ƙasar nan dattawan da mu ba mu hango ba. Allah ya ƙara wa Bello kwana. Amin.

Ni ne ƙanenka da ka bari a bayan gari,
Arzika mai yadi, kasuwar Dogon Dutsi.